Aron da Ba a Mayar Ba: Tarihin Ƙaurar Mutanen Bikini

A watan Fabrairun 1946, wata ranar Lahadi bayan an tashi daga coci, gwamnan sojan Amurka a tsibiran Marshall, Ben Wyatt, ya tara mutanen Bikini ya roƙe su aron ƙasarsu na ɗan lokaci, wai za a gwada makamin da zai amfani ɗan Adam. Su 167 ne kacal. Sarkinsu Juda ya amince, ko da yake roƙon wanda ya zo da jiragen yaƙi bai cika barin ƙofar cewa a'a ba.

A watan Maris aka kwashe su zuwa Rongerik, inda babu kowa, kuma ba banza mutane suka guje shi ba: kwakwarsa kaɗan ce, kifinsa da yawa na da guba. Yunwa ta ci su har 1948, aka kai su tantuna kusa da filin jirgin soja a Kwajalein, daga nan sai Kili.

A Kili aka karya musu sana'a. Bikini jerin ƙananan tsibirai ne da suka kewaye ruwa mai kwanciya, a cikinsa kakanninsu suka koyi su da tuƙin kwalekwale. Kili kuwa tsibiri ɗaya ne tilo a tsakiyar teku, ba shi da mashiga, igiyar ruwa kan hana fita watanni. Masunta suka koma jiran jirgin da ke kawo shinkafa da abincin gwangwani.

Tsakanin 1946 da 1958 Amurka ta yi gwajin nukiliya 67 a Bikini da Enewetak, alhali tun 1947 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba ta tsibiran amana ne. Mafi muni shi ne na 1 ga Maris, 1954, mai suna Bravo, wanda ƙarfinsa ya kai ninki dubu na bam ɗin Hiroshima, ya kuma zarce lissafin masanan da suka haɗa shi fiye da ninki biyu. Iska ta kai farar tokarsa wani tsibiri mai suna Rongelap, yaran can suka yi ta wasa da ita. Sai bayan kwana biyu aka zo ɗaukar mutanen tsibirin, daga baya fata ta ƙone, gashi ya yi ta zuba. A 1957 aka ce su koma, lafiya lau. Ciwon maƙoshi da ɓarin ciki suka yi yawa, har a 1985 suka gaji da jiran gwamnati, jirgin ƙungiyar Greenpeace ya kai su Mejatto.

Mutanen Bikini ma an yi musu irin wannan albishir. A 1968 Shugaba Lyndon Johnson ya sanar cewa tsibirin ya gyaru. Wasu iyalai suka koma, suka ci kwakwa da 'ya'yan itatuwa, ba su san jijiyoyin suna zuƙo gubar nukiliya daga ƙasa ba. A 1978 gwaji ya nuna ta taru a jikinsu, aka sake loda su a jirgi.

Yarjejeniyar 1986 tsakanin Amurka da tsibiran Marshall ta ware dala miliyan 150 don diyya, da sharaɗin rufe ƙofar kai ƙara a kotunan Amurka. Kotun diyya da aka kafa a Majuro ta yanke wa mutanen Bikini fiye da dala miliyan 560 a 2001, amma asusun ba shi da kuɗin biya. Jikokinsu yanzu sun warwatsu tsakanin Kili, wanda ambaliyar teku ke ci, da Majuro da jihar Arkansas ta Amurka.