Lissafin Gobe a Ƙasar Gwarzo da Kabo

Masana halayyar ɗan'adam sun daɗe suna nazarin yadda mutum yake tuna jiya, amma ba su waiwayi yadda yake hango gobensa ba sai daga baya. A 1985 Endel Tulving na Jami'ar Toronto ya bayyana wani majinyaci da ya ji rauni a ka, ya manta duk abin da ya taɓa faruwa da shi. Da aka tambaye shi me zai yi gobe, sai ya rasa ta cewa. Wato da tubalin jiya zuciya take gina gobe. Amma ginin yana bukatar turaku, kuma al'umma ce take kafa su.

Mu duba manomin Gwarzo ko na Kabo kafin zuwan Turawa. Lissafi biyu yake riƙe da su. Na farko shi ne watannin Musulunci, waɗanda shekararsu ta gaza ta rana da kwana 11, saboda haka azumi yakan zagayo ya faɗo tsakiyar damina. Na biyu shi ne taurarin da malamai suke ƙidayawa, kamar Haƙa'a da Hana'a da Zira'a, kowane kwana 13, don a san lokacin shuka da noma. A kan waɗannan yake rataya al'amuransa: auren ɗiya sai da kaka, tafiya cin rani sai an kai amfanin gona gida. Ma'aunin da ya fi kowane kuwa shi ne rumbu. Maigida yakan ƙirga damin gero da dawa, ya ƙiyasta ko za su kai iyalinsa marka, lokacin da tsohon hatsi ya ƙare, sabo bai nuna ba. Wanda ya kuskure wannan lissafi, shi zai ci bashin dami, ya biya ninki da kaka.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe a 1912, haraji kuma ya koma sai da kuɗin Bature. Sai ga sabon turke ya shigo, wato ranar biyan haraji, wadda ba ruwanta da yadda damina ta kasance. Yunwar Ƙaƙalaba ta 1913 zuwa 1914 ta auko a daidai wannan sauyi. Farin 1973 kuma ya sake koya wa wani zamani cewa taurari na iya cika ƙidayarsu ruwa bai sauka ba.

Madatsun ruwa da aka shiga ginawa tun zamanin Audu Bako, irin ta Guzu-guzu a ƙasar Kabo, sun ba wasu manoma kaka ta biyu a cikin rani. Ku kuwa ma'aikata da ke zaune a nan, turkenku ƙarshen wata ne, alhali iyayenku a gida har yanzu da kaka suke sa ranar biki.