ZARE: Kallon taurari ba na Turawa ba ne kaɗai, ga tarihinsa a ƙasar Katsina 🧵

1/ Jama'a, duk sanda aka ce ƙungiyar masu kallon taurari, sai wasu su ce aikin Turawa ne, wasu kuma su ce bokanci ne. Ni ɗan Gangara ne ta ƙaramar hukumar Jibiya, ina karatu a jami'a. Ku ba ni minti biyar in nuna muku cewa abin nan gadonmu ne muka saki.

2/ Mu fara da sunaye. Bahaushe yana da Zara, wadda ake wa kirari da matar wata. Yana da Gamzaki mai fitowa da asuba. Yana da Kaza da 'Ya'yanta, wato Surayya a Larabce. Mutum ba ya raɗa wa abu suna sai ya daɗe yana kallonsa.

3/ Abin mamaki: tauraruwa mai tsananin hasken nan ta bayan magariba da Gamzakin asuba abu guda ne. Duniya ce mai zagaya rana kamar tamu, Larabawa na ce mata Zuhura. Wasu watanni ta biyo bayan rana, wasu watanni ta riga ta fitowa.

4/ Kaza da 'Ya'yanta kuwa kalandar manomi ce. Wajen watan Mayu sai ta ɓace cikin hasken rana, a Yuni ta sake bayyana gabas kafin asuba, daidai lokacin da damina ke kankama a yankinmu. Dattijo ya duba sama, ya san lokacin fito da iri ya yi.

5/ Malaman zaure kuma suna da lissafin taurari 28, kowace tana ɗaukar kwana 13, guda ɗaya kwana 14. Ku buga: 365 cif. Sharaɗaini, Buɗaini, Surayya, Dabaran, haka har ƙarshe. Da su ake gane bazara, damina, kaka da hunturu, ba tare da takarda a bango ba.

6/ Lura fa, wannan sani ba a ɓoye yake ba. A dandali ake koyonsa, da shimfiɗar tsakar gida lokacin zafi, da bakin fatake masu tafiyar dare tsakanin Katsina, Maraɗi da Agadas. Kaka ta nuna da yatsa, jika ya riƙe. Ƙungiya ce, rajista kawai ba ta da.

7/ Yanzu ga gwarzon zaren: Muhammad bin Muhammad al-Fulani al-Katsinawi. Masanin lissafi da falaki ne da ya tashi a ƙasar Katsina, garin hasumiyar Gobarau. Ya tafi aikin hajji, kuma a 1732 ya yi rubutu da Larabci kan yadda ake tsara hatimin lambobi.

8/ Hatimin nan gidaje ne da ake cikawa da lambobi, ta duk layin da ka haɗa jimla ɗaya za ka samu. Mai gida tara, daga 1 zuwa 9, kowane layi 15 yake bayarwa. Gwada a takarda ka gani, ba wasa ba ne.

9/ Ya zauna a Alƙahira a gidan Hasan al-Jabarti, wanda shi kansa masanin falaki ne, kuma mahaifin shahararren marubucin tarihin Masar, Abdurrahman al-Jabarti. A can ya rasu a 1741. Bakatsine yana koyarwa a Masar kusan shekara 300 da suka wuce!

10/ A zamaninsa lissafin tafiyar taurari da duba suna cakuɗe a littattafai, a nan da Turai duka. Yau an raba su. Sanin ranar husufi ko fitowar jinjirin wata lissafi ne. Cewa tauraro zai faɗa maka wadda za ka aura, wannan kuma wani abu ne daban.

11/ Me ke faruwa in sani ya bar hannun jama'a? A Janairun 2001 an yi husufin wata, sai rikici ya tashi a Maiduguri, matasa suka ƙona otal-otal suna cewa zunubin wasu ne ya jawo. Alhali inuwar duniya ce kawai ta faɗa kan wata.

12/ Addini ma ya riga ya warware wannan. Ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW) ya rasu an yi husufin rana, mutane suka danganta abin da rasuwar. Ya gyara musu, ya nuna cewa ayoyin Allah ne, abin da ake so shi ne sallah da addu'a.

13/ Sai Laraba, 29 ga Maris 2006. Inuwar wata ta ratsa Ghana, Togo, Benin, ta shigo Najeriya, ta bi ta Gusau da Katsina ta haye Maraɗi. Jibiya na kan hanyar. Da hantsi gari ya yi duhu na 'yan mintuna. Ku tambayi iyayenku, kowa yana da labarinsa.

14/ Inuwar ba ta tsaya a shingen kan iyaka an duba mata takarda ba. Sama ɗaya ce a kan Gangara da Ɗan Isa. Sunayen taurarinmu ɗaya da 'yan'uwanmu na Maraɗi, don tun asali gida ɗaya ne.

15/ A waje kuwa, a 1968 wani mai suna John Dobson ya fara ajiye na'urar hangen nesa a bakin titi a San Francisco ta Amurka, duk mai wucewa ya leƙa kyauta. A Najeriya, Olayinka Fagbemiro da ƙungiyar Astronomers Without Borders suna kai irin wannan ga yara har sansanin 'yan gudun hijira.

16/ Mu kuma muna da abin da mutanen manyan birane ke biyan kuɗi su nema: sama mai duhu. Kuma daga inda muke, digiri 13 arewa, kana ganin tauraron arewa ƙasa-ƙasa, sannan a bazara ka hango taurarin kudu da ɗan Ingila ba ya gani daga gidansa.

17/ Matsalar ita ce dare ya zama abin tsoro. 'Yan bindiga sun kashe hirar dandali a ƙauyuka da yawa na Jibiya. Ana isha'i kowa ya kulle ƙofa. Yaro ya tashi bai san Gamzaki ba, dattijon da ya sani kuma kullum ƙara tsufa yake.

18/ Shi ya sa nake ganin kada mu jira na'ura mai tsada. Cikin gida ko harabar makaranta, bayan magariba, da sanin mai unguwa. Manhajar Stellarium a waya, da dattijo ɗaya mai faɗin sunan Hausa. Ƙaramin madubin hangen nesa ma yana nuna watannin Mushtari, waɗanda Galileo ya gani a 1610.

19/ Ga ranar da za mu shirya wa: 2 ga Agusta 2027 za a yi husufin rana, cikakke a Masar da Makka, mu kuma za mu ga wani ɓangare. Kada kowa ya kalli rana da ido tsirara ko baƙin gilashi, tana ƙona ido. A huda kwali, a kalli hotonta a ƙasa.

20/ Aikin gida: ku je wurin kaka ko malamin unguwa, ku tambayi sunan tauraro ɗaya da abin da yake nunawa. Ku rubuto a ƙasa tare da sunan garinku, 'yan Nijar ma ku shigo. In mun tara, zan haɗa su wuri guda kowa ya samu. Allah Ya ba mu zaman lafiya.