Lautai da Al'adar Uban Ɗaki

Mai karatu, duk wanda ya tashi a ƙasar Gumel ya san Lautai, sakandaren kwana ta maza. Mu 'yan ƙauyukan Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, a nan muka fara kwana ɗaki ɗaya da wanda ba ɗan garinmu ba. Lokacin kuwa muna cikin tsohuwar Jihar Kano, don sai ranar 27 ga Agusta 1991 aka yanke Jigawa.

Al'adar da na fi tunawa ita ce ta uban ɗaki. Ɗan aji ɗaya na sauke akwatinsa na ƙarfe, sai wani siniya ya ce, "Wannan yarona ne." Shi ke nan fa. Kai ne ɗebo masa ruwa, kai ne wanki, kai ne karɓo masa gabza, wato tuwon makaranta. Shi kuma ya shiga tsakaninka da firifet, ya koya maka lissafi da daddare, in ƙuli-ƙulinka da garin kwaki sun ƙare ya buɗe maka nasa.

Wasu na cewa ai bauta ce. To, akwai gaskiya ciki, amma ni dai uban ɗakina ne ya hana ni gudu gida a zangon farko.

Da tsarin 6-3-3-4 ya zo a shekarun 1980, aka raba ƙaramar sakandare da babba, makarantun jeka-ka-dawo suka yawaita. Yaron da ya shigo kwana a aji huɗu kuwa ya riga ya yi wayo, wa zai aike shi ɗibar ruwa?