Sankarar Ƙwan Mace: Yadda Samfurin Marasa Lafiya Ke Buɗe Hanyar Sabon Magani

Sankarar ƙwan mace cuta ce da ke tasowa a ma'ajiyar ƙwai biyu da ke gefen mahaifa, ko kuma a bututun da ƙwai ke bi zuwa mahaifar. Ta bambanta da sankarar bakin mahaifa, don haka allurar rigakafin HPV da Najeriya ta fara yi wa 'yan mata a watan Oktoban 2023 ba ta kare mace daga gare ta. Alƙaluman cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa a 2022 mata kusan 324,000 ne suka kamu da ita a duniya, kimanin 207,000 kuma suka rasu.

Alamominta

Cutar kan zo da kumburin ciki, saurin ƙoshi, ciwon mara da yawan fitsari. Da yake alamomin sun yi kama da na gyambon ciki ko ɓacin ciki, mata da dama kan daɗe suna shan magani a gida, sai ciki ya cika da ruwa a garzaya asibiti. Maganin da aka saba da shi shi ne tiyata, sannan magungunan carboplatin da paclitaxel da ake sakawa ta jijiya. Sau da yawa ƙarin yakan lafa, amma ga mafi yawan waɗanda cutar ta yi wa nisa yakan dawo, wani lokaci ya daina jin maganin. Wannan ne babban abin da masu bincike ke neman warwarewa.

Menene samfurin mara lafiya?

Samfur shi ne ɗan yankin ƙarin da aka cire a tiyata, ko jini, ko ruwan da aka zuƙe daga ciki. Wani a kan jiƙa shi a sinadarin fomalin domin dubawa da madubin likita, wani a daskarar da shi a sanyin da ya kai digiri 80 ƙasa da sifili, wani kuma a kai shi ɗakin gwaji da ransa domin a raine shi.

A 2011, wani shirin bincike na Amurka mai suna TCGA ya nazarci samfura 489 na nau'in cutar mafi yawa, ya tarar cewa ƙwayar gado ta TP53 ta lalace a kashi 96 cikin 100. Kafin nan, an gano ƙwayoyin gado na BRCA1 a 1994 da BRCA2 a 1995, waɗanda lalacewarsu ke ƙara haɗarin sankarar mama da ta ƙwan mace a cikin dangi ɗaya. Wannan ilimi ne ya kai ga maganin olaparib, wanda aka amince da shi a Amurka da Turai a 2014. Aikinsa shi ne toshe hanyar da ƙwayar sankara ke gyara kanta, har ta mutu.

A 2019 kuma, masana a birnin Utrecht na ƙasar Holan sun raini 'yan mitsi-mitsin ƙari 56 daga jikin mata 32. Irin wannan ƙari na ɗakin gwaji yakan riƙe halayen na jikin mai shi, don haka ana iya gwada magunguna iri-iri a kansa ba tare da an wahalar da mara lafiya ba.

Inda Najeriya take

Galibin samfuran da aka gina wannan ilimi a kansu na Turawa ne. Amma wani bincike da Farfesa Olufunmilayo Olopade da abokan aikinta suka wallafa a 2018, kan mata 1,136 masu sankarar mama a Ibadan, ya gano lalacewar BRCA1 a kashi 7 cikin 100, ta BRCA2 kuma a kusan kashi 4. Ma'ana, akwai matan Najeriya da irin waɗannan magunguna za su iya amfana, idan aka gano su.

Ga macen da ke Jajimaji ko wani ƙauye na ƙaramar hukumar Karasuwa a arewacin Yobe, manyan asibitocin da ke kusa su ne Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Nguru da asibitin Gashuwa, daga nan sai asibitocin koyarwa na Damaturu, Maiduguri ko Kano. Kafin samfurinta ya yi amfani a bincike, sai an samu likitan tantance tsoka, wutar da ba ta yankewa, da motar da za ta kai shi cikin sanyi, domin tsoka mai rai ba ta jure zafi da jinkiri.

Jihar ba ta rasa harsashi ba. Cibiyar BioRTC ta Jami'ar Jihar Yobe, wadda aka buɗe a Damaturu a 2021 ƙarƙashin jagorancin Dakta Mahmoud Bukar Maina, ta riga ta tattara samfurin jini da fitsari a yankin Bade domin binciken ciwon ƙoda da ya addabi Gashuwa da kewaye. Tsarin tattarawa da adanawa irin wannan shi ne binciken sankara ke buƙata.

Haƙƙin mai ba da samfur

Al'ummar Arewa ba ta manta da gwajin maganin Trovan a kan yara a Kano a 1996 ba, don haka batun yarda ba abin wasa ba ne. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta samun amincewar mutum a rubuce kafin a yi bincike a kansa, kuma dole kwamitin ɗa'ar bincike ya amince da aikin. Mace na da 'yancin a yi mata bayani da harshen da take ji, a ɓoye sunanta, ta ƙi ko ta janye ba tare da an tauye mata magani ba. Ya kamata ta kuma sani cewa ba lallai ita ce za ta ci moriyar binciken ba. Mai yiwuwa 'ya'yanta da jikokinta ne.

Likitoci na shawartar duk macen da alamomin nan suka ɗauki makonni ba su gushe ba ta je asibiti, ta kuma faɗa idan an taɓa samun sankarar mama ko ta ƙwan mace a danginta. Ranar 8 ga Mayu ta kowace shekara ce aka ware domin wayar da kai kan cutar a duniya.