Ƙananan Ogan na Majami'un Turai: Yadda Aka Fitar da Su, da Yadda Aka Ceci Waɗansu

A shekara ta 1977, ana gyaran wani tsohon gidan gona a ƙauyen Wetheringsett da ke yankin Suffolk a Ingila, sai aka ci karo da wani faffaɗan katako mai ramuka jere-jere, wanda mutanen gidan suka taɓa yin ƙofa da shi. Da masana suka bincika, sai suka gane cewa allon da ake dasa bututun ogan ne, na wata majami'a ta farkon ƙarni na 16. Abin da ya taɓa bi da jama'a cikin sujada ya koma ƙyauren ɗaki. Yaya aka yi haka? Amsar ta shafe mu, domin kowane shugaban ikkilisiya zai tarar da kayan da waɗanda suka riga shi suka bari, kuma shi zai yanke shawara a kansu.

Mene ne ogan mai bututu?

Ogan tarin sarewa ne da mutum ɗaya ke busawa da yatsunsa. Zugazugi irin na maƙeri yana tura iska cikin akwati, a bisa akwatin kuma an dasa bututu na katako da na dalma haɗe da kuza. Idan makaɗi ya danna maɓalli, iska ta shiga bututu, murya ta fito. Na manyan majami'u yana da bututu dubbai. Na ƙauye kuwa 'yan ɗaruruwa ne, kuma su ne suka fi salwanta, don ba su da suna, ba su da mai tsaya musu.

Fitarwa ta fari: saboda kishi

A zamanin Gyaran Ikkilisiya, Zwingli na birnin Zurik a Siwizalan ƙwararren makaɗi ne, duk da haka a ƙarƙashin koyarwarsa aka hana kaɗa ogan a 1524, aka kuma kwance na babbar majami'ar birnin a 1527. Kada mu yi saurin cewa jahilci ne. A sujadar wancan lokaci, ogan yakan karɓi baiti guda, mawaƙa su yi shiru, kalmomin baitin su wuce ba wanda ya ji su. Masu gyara suna so Maganar Allah ta shiga kunnen talaka a fili. Mabiyan Luther a Jamus kuwa suka riƙe nasu, suka mai da shi mai taimakon waƙar jama'a.

A Ingila, majalisar dokoki ta ba da umarni a watan Mayu 1644 cewa a fitar da ogan daga majami'u a farfasa. Da yawa sun hallaka. Amma na kwalejin Magdalen a Okusfod ya tsira, don an kai shi fadar Hampton Court inda Oliver Cromwell, jagoran masu tsattsauran gyara, yake jin daɗin sauraronsa. Bayan dawowar sarauta a 1660 aka mayar da shi, daga baya aka sayar wa majami'ar Tewkesbury wajen 1737, inda sassansa suke aiki har yau.

A Holan, taron majalisar ikkilisiya a Dordrecht ya nemi a kawar da ogan a 1578, amma hukumomin birane suka ƙi, domin kayan mallakar gari ne, da kuɗin jama'a aka saye su. Shi ya sa Sweelinck ya yi shekaru yana kaɗa ogan a tsohuwar majami'ar Amsterdam a matsayin ma'aikacin gari. Mu lura: abin da ya ceci waɗannan kayan shi ne an san mai su.

Fitarwa ta biyu: saboda sakaci

A ƙarni na 19 ogan ya dawo da ƙarfi. Majami'un ƙauyukan Ingila da ɗakunan sujada na Metodis suka tara kuɗi, kobo-kobo, suka sayi ƙananan ogan, sau da yawa don tunawa da wani da ya rasu. Amma bayan Yaƙin Duniya na Biyu masu zuwa sujada suka ragu, aka rufe majami'u da dama, aka mai da waɗansu gidajen kwana ko shaguna. Ogan na lantarki, wanda kamfanin Hammond ya fara sayarwa a 1935, ya fi araha, ba ya kuma cin wuri. Inda rufi ke yoyo katako ya ruɓe, inda aka sa na'urar ɗumama ɗaki ya tsage, ɓeraye suka cinye fatar zugazugi. Idan tsohon makaɗi ya mutu ba magaji, sai kayan ya yi shiru, ranar da aka sayar da ginin kuma a zuba shi a juji. A wannan karo babu dokar majalisa, babu gardamar tauhidi. Ba wanda ya ƙi ogan ɗin, mantawa da shi kawai aka yi.

Yadda aka ceci waɗansu

A Amurka aka kafa ƙungiyar Organ Historical Society a 1956, a Birtaniya kuma British Institute of Organ Studies a 1976. Babban aikinsu rubutu ne: wa ya ƙera, yaushe, bututu nawa, yana ina. Ikkilisiyar Ingila kuma tana da doka cewa fasto da dattawansa ba su da ikon fitar da ogan sai da izinin kotun dayosis.

Kwance shi ma aiki ne na haƙuri. Ana ɗaukar hoto, a sa wa kowane bututu lamba, a kwantar da su cikin akwatuna, gama ƙarfen yana da taushi, matsi kaɗan yakan ɓata muryarsa. Masu wannan sana'a sun gane cewa ɗakin ajiya ba ceto ba ne. Ogan da ya daɗe a ajiye yakan watse gaɓa-gaɓa. Ceto shi ne a sami inda za a kaɗa shi. Da yawa daga Ingila sun sami sabon gida a majami'un Jamus da Holan. Wani ƙarami da Henry Jones ya ƙera a 1880, an ɗauke shi daga wata majami'a a arewacin Landan, aka kafa shi a tashar jirgin ƙasa ta London Bridge a 2022, kowane mai wucewa yana iya kaɗawa. Katakon Wetheringsett ma, masu ƙira Goetze da Gwynn sun bi ramukansa suka ƙera sabon ogan a farkon shekarun 2000, aka sāke jin irin muryar da ta ɓace ƙarnuka.

Abin koyi a gare mu

Littafi Mai Tsarki ya nuna mana hanya biyu. A 2 Sarakuna 18, Hezekiya ya farfashe macijin tagulla da Musa ya yi, domin jama'a sun mai da shi abin bauta. A Joshuwa 4 kuwa, an kafa duwatsu goma sha biyu domin 'ya'ya su yi tambaya, iyaye su ba da labari. Aikin makiyayi ne ya bambanta tsakanin biyun. Zwingli dai ya san dalilinsa, ko mun yarda da shi ko ba mu yarda ba. Mai sakaci ba shi da dalilin da zai bayar.

Majami'unmu kaɗan ne suke da ogan mai bututu. Amma muna da tsohuwar ƙararrawa, da littafin baftisma na fari, da gangunan zumuntar mata, da ginin laka da kakanninmu suka ɗauko ƙasarsa a kai. Sa'ad da muke rushe tsoho don gina babba, waɗannan ne ke fara ɓacewa. Bari mu rubuta abin da muke da shi, mu tabbatar da wanda ke da iko a kansa, abin da ba ma bukata kuma mu miƙa wa ƙaramar ikkilisiya da za ta more shi. Amana ce aka ba mu, za a kuwa tambaye mu.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Wane dalili na masu gyara ne ya shafi yadda muke amfani da kayan kiɗa a sujada yau?
2. Waɗanne kayan tarihi ne ke majami'arku, a hannun wa suke, an kuwa rubuta su?
3. Ta yaya za mu gane cewa abin tunawa ya fara zama abin bauta?