Tarihin Neman Madadin Madara Domin Yaran da Ba Ta Karɓe Su Ba

Maƙasudin wannan lacca shi ne bin diddigin yadda likitoci suka yi fama da matsalar yaron da aka yaye, amma madarar shanu ta ƙi karɓar jikinsa. Kafin mu shiga tarihin, wajibi ne mu rarrabe larurori guda biyu da akan cuɗanya. Ta farko ita ce jikin yaro ya yi bori ga furotin ɗin madara, wato ya feso da ƙuraje, ko amai, ko sarƙewar numfashi. Ta biyu kuwa ita ce hanji ya gaza narkar da sukarin madara, wanda masana ke kira laktos, sai kumburin ciki da zawo su biyo baya.

Larura ta farko ita ta fara jan hankalin masana. A shekarar 1909 wani likitan yara a Baltimo ta Amurka, John Ruhrah, ya wallafa bayani kan ciyar da jarirai da waken soya, abincin da mutanen Sin suka daɗe da saninsa. A 1929 likitoci biyu, Hill da Stuart, suka gwada haɗin waken a kan jariran da madara ke sa wa ƙuraje. Amma daga baya aka lura wasu yaran jikinsu na ƙin waken shi ma. A 1942 kuma aka fito da Nutramigen, madarar da aka farfasa furotin ɗinta ƙanana ƙanana, ta yadda jiki ba zai shaida shi ba balle ya yi bori.

Larura ta biyu ba a fahimce ta sosai ba sai cikin shekarun 1960, kuma a nan ne ƙasarmu ta shigo cikin labarin. A 1971 Norman Kretchmer da Olikoye Ransome-Kuti da abokan aikinsu suka wallafa binciken da suka yi a Nijeriya, inda suka nuna galibin Fulani makiyaya na narkar da laktos har girmansu, alhali yawancin Yarbawa wannan ƙarfi na raguwa gare su bayan yaye. Ashe raguwar ita ce ɗabi'ar mafi yawan 'yan Adam. Haka kuma kindirmo ya fi ɗanyar madara sauƙi ga irin wannan ciki, domin tsamin ya cinye wani kashi na sukarin. Sai dai a kula, wannan sauƙi bai shafi yaro mai larura ta farko ba, tunda furotin ɗin na nan daram a cikin kindirmo.

To, mene ne darasin? Madadin da ba a auna abin da ke cikinsa ba yana iya fin cutar illa. A ƙarshen shekarun 1970 yara da dama a Amurka sun yi rashin lafiya saboda wata madarar soya da sinadarin kuloraid ya yi ƙaranci a cikinta, abin da ya sa aka kafa dokar abincin jarirai a 1980. A 2001 kuma likitoci a Atlanta suka ba da labarin yaron da ya kamu da kwashoko saboda an dogara da ruwan shinkafa a matsayin madara. Wannan ita ce cutar da Cicely Williams ta bayyana a 1933 a ƙasar da a yau ake kira Gana, tsakanin yaran da aka yaye da kokon masara.

A taƙaice, farin launi ba shi ke mai da abin sha madara ba. Kunun gyaɗa da ruwan aya abinci ne masu kyau, amma ba su isa su ɗauki nauyin madara su kaɗai ba. Yaron da aka hana wa madara yana bukatar furotin, da mai, da kalsiyam domin ƙashi, daga wake, ƙwai, kifi, nama da ganye irin su zogale. Likita ne zai tantance wace larura ce, kafin iyaye su cire wani abu daga kwanon yaro.