Tsarin sufurin birni da rage hayaƙin da ke ɗumama duniya

Tsarin sufurin birni shi ne manufar da hukuma ke bi wajen tsayar da inda za a shimfiɗa tituna, inda za a kafa tashoshi da kasuwanni da unguwanni, da kuma irin abin hawan da za a bai wa fifiko. Masana yanayi sun sa masa ido ne saboda sufuri ke da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na iskar kabon da duniya ke fitarwa wajen ƙona makamashi. Kowace lita ta fetur da aka ƙona tana sakin kimanin kilo 2.3 na wannan iska, ta man dizal kuwa kusan kilo 2.7.

Matakai uku ake bi. Na farko shi ne rage doguwar tafiya, ta hanyar kusanto da gidaje da wuraren aiki da kasuwa. Na biyu shi ne janyo jama'a daga ƙananan motoci zuwa manyan bas-bas, jirgin ƙasa, keke ko tafiya a ƙafa. Na uku shi ne gyara abin hawan kansa, kamar komawa ga lantarki. Faɗaɗa titi kaɗai ba ya magance matsalar, domin sabon titi yakan jawo sababbin motoci, cunkoso ya dawo.

Birnin Kuritiba na ƙasar Barazil ne ake yawan kafa misali da shi. A shekarar 1974, zamanin magajin gari Jaime Lerner, an keɓe wa bas-bas layinsu a tsakiyar manyan tituna. Dokar gini kuma ta tattara dogayen benaye a bakin waɗannan layuka, ta yadda mai neman mota zai same ta kusa da ƙofarsa. Bogota, babban birnin Kolombiya, ya bi sahu da tsarin TransMilenio a 2000. Landan kuwa ta ɗauki wata hanya a 2003, inda ta sa wa masu shiga tsakiyar birni da mota kuɗin cunkoso.

A Nijeriya, Legas ce ta fara. A watan Maris na 2008 hukumar LAMATA ta buɗe layin bas na musamman daga Mile 12 zuwa CMS, mai tsawon kimanin kilomita 22. A Satumbar 2023 jirgin ƙasa na Blue Line ya fara jigila tsakanin Marina da Mile 2.

A taron yanayi na Gilasgo a 2021, Shugaba Muhammadu Buhari ya yi alkawarin cewa nan da 2060 Nijeriya ba za ta fitar da hayaƙin da ya wuce wanda ake iya shanyewa ba. Cika wannan alkawari na da alaƙa da teburin masu tsara birane. Duk rukunin gidaje ko kasuwar da aka gina a bayan gari ba tare da layin bas ba, an ɗora wa ma'aikaci da ɗan kasuwa sayen mai na shekaru masu yawa. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, wannan nauyi a aljihu ake fara jin sa.